Allurar goge tamoji a Sakkwato: me ke cikin kwalbar, wa ke riƙe da sirinjin?



Gyaran jiki tsohuwar sana'a ce a Sakkwato. Tun kafin a san wayar hannu, amaryar da za a ɗauka daga Ƙofar Dundaye a kai ta Ƙofar Rini ko Ƙofar Marke sai an sa ta a lalle, an turara ta, an haɗa mata hakin maye, kuma ba a san malaman birnin Shehu da zargin asalin wannan al'ada ba, domin ado saboda miji abu ne da shari'a ta kwaɗaitar a kansa. Dilka da halawa sun shigo daga gabas, suka samu wurin zama. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne kayan aikin. Duk mai leƙa TikTok da Instagram, ko shafukan masu tallar kayan mata a WhatsApp, ya ga sabon jerin da aka ƙara a kan tsumi da turaren wuta: allurar hasken fata, allurar cika leɓe da kumatu, da allurar goge tamoji, wato tattarewar da fata ke yi a goshi da gefen ido idan shekaru suka ja. Abin da a da sai mai hali ta je Dubai ko Alƙahira ko Istanbul, daga baya Legas da Abuja, yau kwalbarsa na iya zuwa cikin saƙon da aka damƙa wa direba a tasha.

Mace mai sha'awar wannan abu tambaya biyu take yi. Tana tambayar mai talla wace allura ce ta fi aiki, sannan ta tambayi malam halal ce ko haram. Duka biyun an gina su a kan zaton cewa abu guda ne mai sunaye da yawa, alhali magunguna ne da ba su haɗa asali ba, aikinsu ya bambanta, haɗarinsu ma haka. Malaman usul sun daɗe da kafa ƙa'idar cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an suranta shi yadda yake. Saboda haka da kwalbar za mu fara.

Wadda ta fi suna ita ce Botox. Asalinta dafi ne da wata ƙwayar bakteriya mai suna Clostridium botulinum ke fitarwa, wadda wani masani ɗan Beljiyam, Emile van Ermengem, ya gano bayan wasu mutane sun mutu da cin gurɓataccen nama a 1895. Yana cikin mafi ƙarfin dafin da ɗan Adam ya sani. Aikinsa shi ne toshe saƙon da jijiya ke aika wa tsoka, sai tsokar ta saki ta kasa motsi. Idan ya yi yawa a jiki yakan sakar da tsokokin haɗiya da na numfashi har rai ya yi halinsa. Idan kuwa ɗan ƙanƙani ne da aka auna aka zuba cikin tsoka ɗaya, ita kaɗai ce ke saki. Likitan ido Alan Scott na San Francisco ne ya fara amfani da shi wajen gyara harara-garke, kuma a kan wannan da ciwon matsewar fatar ido ne hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a 1989. Batun tamoji ya zo ne daga baya ba tare da an neme shi ba: a 1987 wata mai jinya ta nuna wa likitar ido Jean Carruthers a Vancouver ta Kanada cewa layukan da ke tsakanin girarta suna ɓacewa bayan allurar. Sai a 2002 aka amince da shi don kwalliya. Har yanzu kuma magani ne na cututtuka masu nauyi: ciwon ɓarin kai mai naci, sandarewar tsoka bayan shanyewar ɓarin jiki, yaran da gaɓoɓinsu suka ƙage saboda lalurar ƙwaƙwalwa tun haihuwa, murɗewar wuya, da zufar hammata da ta wuce ƙa'ida.

Botox sunan kayan kamfani ɗaya ne, Allergan, amma ya zama kamar Omo a bakin mutane, kowane garin sabulu sunansa ke nan. Akwai Dysport, akwai Xeomin na kamfanin Merz na Jamus, akwai Nabota da Botulax daga Koriya ta Kudu. Dukansu dafi ɗaya ne, kuma aikinsu kan ɗauki wata uku zuwa huɗu, sannan tsoka ta farfaɗo, tamoji ya dawo inda yake. Sai dai ma'auninsu ba ɗaya ba ne. Layukan tsakanin gira da ake yi wa awo 20 na Botox, awo 50 ake yi musu na Dysport, kuma duk wanda ya rikita lissafin ya juya shi, ya zuba dafi ninki biyu da rabi a fuskar baiwar Allah. Abin da ake haɗa dafin da shi don kada ya lalace ma ya bambanta, kuma a nan ne fiƙihu ya fara shigowa. Botox da Xeomin da Dysport suna ɗauke da albumin, wani sinadari da ake tacewa daga ruwan jinin mutane. Dysport ta ƙara da sukarin madara, shi ya sa aka hana ta ga wanda jikinsa ba ya karɓar nonon shanu. Wadda ake yi a Lanzhou ta ƙasar Sin da gelatin na dabba aka haɗa ta. Daxxify, wadda aka amince da ita a 2022, ba ta da albumin ko gelatin. Mai tambayar tsarkin abin da za a sa mata tana da haƙƙin ganin takardar da ke cikin kwalin, domin amsar tana rubuce a can.

Allurar ciko kuwa, wadda masu talla ke kira fila, wata duniya ce daban. Ita ba ta sakar da tsoka. Wani abu ne mai kauri kamar ƙaro ake turawa ƙarƙashin fata ya cike ramin da tsufa ya yi, ko ya ƙara wa leɓe da kumatu da haɓa girma. Mafi yawan wadda ake amfani da ita yau, irin su Restylane da Juvéderm, daga sinadarin hayaluronik ne, wanda dama akwai irinsa a jikin mutum. A da daga zankon zakara ake ciro shi, yanzu bakteriya ake sa wa ta samar da shi. Yakan yi wata shida zuwa shekara ɗaya da rabi, kuma falalarsa a kan sauran ita ce akwai allurar da ke narkar da shi idan aka yi kuskure. Radiesse da Sculptra sun fi daɗewa, kuma ba su da irin wannan makari. Bellafill ƙananan ƙwayoyin roba ne a cikin kolajin na shanu, ba ta fita har abada. An taɓa sayar da wata mai suna Evolence da aka yi da kolajin na alade, kafin a janye ta daga kasuwa a 2009. Mafi muni shi ne ruwan silikon da 'yan bayan fage ke ɗura wa mata a fuska da mazaunai saboda arha: yana yawo a ƙarƙashin fata, yana dunƙulewa, kuma sau da yawa ko da tiyata ba a iya kwashe shi duka.

Akwai ta uku, inda ake ɗibar jinin mace, a juya shi a na'ura, a tace wani ɓangare a mayar mata a fuska. Mun ambace ta ne kawai domin a Afrilun 2024 cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton mata da suka kamu da HIV ta wannan hanya a wani gidan gyaran jiki marar lasisi a jihar New Mexico.

To, mene ne malamai suka ce? Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, wadda Najeriya ke cikinta tun 1986, ta zauna a Putrajaya ta Malesiya a Yulin 2007, ta fitar da ƙuduri mai lamba 173 a kan aikin gyaran jiki. Ta halatta duk abin da zai mayar da gaɓa ga halittarta ta asali ko ga aikinta, ko ya gyara aibin haihuwa kamar tsagaggen leɓe, ko aibin da ya samu daga baya kamar ƙuna da hatsari. Ta hana gyaran da manufarsa canza halitta lafiyayya don son zuciya ko kwaikwayon wasu. A kan tamoji kuwa ta fito fili: ba ya halatta a gusar da shi da tiyata ko allura, sai idan cuta ce ta kawo shi, shi ma da sharaɗin amincewa daga cutarwa. Shekara ɗaya kafin haka, a 2006, Majalisar Fatawa ta Malesiya ta haramta Botox don kwalliya, saboda shakku a kan abin da aka haɗa ta da shi da kuma cutarwarta, ta bar ƙofa a buɗe ga masu buƙatar magani. Majalisar Malaman Indonesiya kuma, a fatawarta ta 2020, ta halatta ta bisa sharuɗɗa: kayan su zama halal masu tsarki, kada a cutu, manufar ba ta saɓa wa shari'a ba, kuma ƙwararre amintacce ne zai yi.

Wannan saɓani yana da tushe, kuma ɗalibin da ya yi karatun zaure a Sakkwato zai gane tushen nan take. Masu hanawa suna kafa hujja da aya ta 119 a Suratun Nisa'i, inda Shaiɗan ya sha alwashin umartar mutane su canza halittar Allah, da hadisin Ibn Mas'ud (RA) a Bukhari da Muslim da ya la'anci masu zanen jiki da masu fige gira da masu yin wushiryar ƙarya don neman kyau. Imam Nawawi, da yake sharhin wushiryar, ya bayyana cewa tsofaffi da waɗanda suka kusa tsufa ne ke goge haƙoransu don su nuna ƙuruciya. Wannan illa kuwa ta zauna daram a kan allurar tamoji. Suna ƙarawa da hadisin Usama bn Sharik (RA) a Abu Dawud da Tirmizi, wanda ya umarci bayin Allah su nemi magani, ya kuma keɓe abu ɗaya da ba shi da magani, wato tsufa. Idan haka ne, layin da shekara hamsin ta zana a goshi ba ya shiga babin cutar da ake nema wa magani.

Masu sassautawa kuma ba daga iska suka ɗebo maganarsu ba. Imam Ƙurɗubi, Bamaliki, a tafsirinsa na wannan aya ta Nisa'i, ya kawo cewa hanin yana kan abin da ke dawwama, amma abin da ba ya dawwama kamar kwalli malamai sun halatta shi, har da Imam Malik. Hadisin Abu Ƙuhafa (RA), mahaifin Sayyidina Abubakar, da aka kawo ranar buɗe Makka kansa fari fat, Annabi (SAW) ya ce a canza furfurar a kuma nisanci baƙi, ya nuna cewa rufe alamar tsufa a karan kansa ba laifi ba ne. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ba makarantar ilimi a ƙasar Hausa da ba a karanta ta, ta hana mata ƙarin gashi da zanen jiki, amma ta ɗauki rina furfura da baƙi a matsayin makaruhi, ba haram ba, ta kuma halatta lalle. Sai masu wannan ra'ayi suka ce abin da ke gushewa bayan wata huɗu ya fi kama da rini a kan zane.

Mu a namu ganin, ƙudurin Putrajaya ya fi kusa da daidai a kan tamojin da shekaru suka kawo. Kwalli da lalle a kan fata suke tsayawa, ruwa da kwanaki su wanke su. Ita kuwa Botox kashe aikin tsoka lafiyayya ne da gangan, kuma wadda ke maimaita ta sau uku a shekara har shekara goma ta mayar da abin wucin gadi dawwamamme. Likitoci ma sun san tsokar da aka daɗe ana sakarwa tana ramewa. Duk da haka mas'ala ce ta ijtihadi, kuma ba mu ga dalilin da mai wa'azi zai hau mumbari ya jefa la'ana a kan matar da ta bi fatawar wata majalisar malamai ba. Inda ba mu ga wurin saɓani ba shi ne ciko mai dawwama da ake canza siffar leɓe ko hanci ko haɓa da shi. Ma'aunin Ƙurɗubi da masu sassautawa suka dogara da shi, shi ne da kansa ya fitar da wannan daga halacci.

Mutanen Sakkwato sun fi kowa cancantar gane iyakar da ke tsakanin gyara aibi da neman ƙari, domin a birninsu ne Asibitin Yara na Noma yake, wanda aka buɗe a 1999, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa tun 2014. Noma a nan ba aikin gona ba ne. Cuta ce da ke farawa daga dasashin yaron da yunwa ta raunana, cikin 'yan kwanaki ta cinye kumatu da leɓe da hanci. Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disambar 2023. Likitan da ke sake gina fuskar irin wannan yaro yana kan sunnar Arfaja bn As'ad (RA), wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya, duk da cewa zinariya haramun ce ga maza. Haka hukuncin yake ga mai harara-garke, da wadda ɓarin fuskarta ke fizga, da wadda ƙuna ko ƙuraje suka bar wa rami, da matashiyar da wata cuta ta tsofar da fatarta tun lokaci bai yi ba. Waɗannan kada a firgita su da fatawar da ba ta shafe su ba. Ko batun albumin da gelatin ma da sauƙi a haƙƙinsu, saboda larura, da kuma abin da taron Ƙungiyar Musulunci ta Kimiyyar Likitanci a Kuwait ya tafi a kai a 1995, cewa gelatin ya rikiɗe daga asalinsa. Allurar ba ta hana ruwan alwala taɓa fata tunda a ƙarƙashi take, kuma ba ta karya azumi bisa ƙudurin Majalisar Fiƙihu na 1997 a Jidda a kan alluran da ba na ciyarwa ba. Abin lura kawai ga Bamaliki, wanda cuɗawa farilla ce a alwalarsa, shi ne likitoci na hana murza wurin a sa'o'in farko, don haka a zaɓi lokaci.

Akwai kuma babin yaudara. A gasar kyawun raƙuma ta Sarki Abdul'aziz a Saudiyya an kori raƙuma 12 a 2018, sannan sama da 40 a 2021, saboda masu su sun yi musu Botox da makamantanta don leɓe ya zubo, kai ya ƙara girma. Duk dillalin da ke Kara zai yi dariya, domin ya san tsohon algus ne a sabuwar riga, irin ɗaure hantsar akuya don mai saye ya zaci mai nono ce, wanda hadisi ya hana. Idan alƙalan raƙuma sun kira wannan ha'inci, yaya wanda ya je neman aure, namiji ko mace, da fuskar da aka rage wa shekara goma, ya kuma yi shiru? Masu sharhin Risala sun ce rinin baƙin da yake makaruhi yana zama haram idan an yi shi don a ruɗi wadda ake nema. Mun ce namiji ko mace da gangan, domin masu zuwa a goge musu goshi ba mata kaɗai ba ne.

Amma duk wannan muhawara, a halin da muke ciki, muhawara ce a kan abin da bai cika faruwa ba. Fatawar da ta fi kowace sassauci ta shardanta ƙwararre da kaya na gaskiya da amincewa daga cuta. A duba yadda abin yake. Botox ana ajiye ta a sanyin awo 2 zuwa 8, a garin da zafin watan Afrilu ke haura 40, wutar lantarki kuma kowa ya san halinta. Kwalbar da ta kwana biyu a bayan mota ko dai ta mutu, an ci kuɗin mai saye a banza, ko kuma dama jabu ce, ba wanda ya san yawan dafin da ke ciki. Wannan ba tsoratarwa ba ce. A Afrilun 2024 hukumomin Amurka sun yi gargaɗi bayan mata a jihohi da dama sun kamu da alamun gubar, wasu har aka kwantar da su, saboda jabun Botox ko allurar da marasa lasisi suka yi musu a gidaje da shaguna. A Ingila an samu mutum 38 tsakanin Yuni da Yulin 2025. A farkon 2023 gomman mutane suka kwanta bayan an yi musu allurar a ciki don rage ƙiba a Istanbul da Izmir. Waɗannan ƙasashe ne masu na'urorin taimakon numfashi da maganin karya dafin a ajiye. Wadda ta fara ganin abu biyu-biyu, fatar idonta ta zubo, haɗiya ta gagare ta a wani ɗaki a Mabera ko Gidan Igwai, da wuya ma ta danganta abin da allurar da aka yi mata kwana biyar da suka wuce, balle ta faɗa wa mijin da ta ɓoye wa.

Ciko ya fi wannan saurin ɓarna. Jijiyoyin jinin hanci da tsakanin gira suna haɗe da jijiyar da ke ciyar da ido. Idan bakin allura ya faɗa cikin ɗaya aka tura cikon, yana iya toshe ta, fata ta mutu ta yi baƙi, ko ido ya makance nan take, kuma makantar galibi ba ta dawowa. FDA ta yi gargaɗi a kan wannan a 2015, ta sake yin wani a 2021 a kan na'urar nan mai kama da alƙalami da ke harba ciko ba tare da allura ba, wadda ake talla da cewa kowa zai iya amfani da ita. Likitan da ya karanci taswirar fuska, yana riƙe da makarin a gefensa, shi ma wannan yakan same shi jefi-jefi. Ina ga wadda ta yi kwas na mako biyu ta intanet? Hadisin da Abu Dawud da Nasa'i da Ibn Majah suka ruwaito ya ɗora lamuni a kan duk wanda ya yi aikin likita alhali ba a san shi da likitanci ba, kuma a shari'a gusar da ganin idanu biyu diyyar rai cikakkiya ce, ido ɗaya rabinta. Masu sana'ar gyaran jiki, da yawansu mata ne masu neman halalinsu, ya kamata su san girman abin da suke ɗauka a wuyansu ranar da suka ajiye kwaryar dilka suka ɗauki sirinji.

Abin mamaki a nan, mu ne al'ummar da ta tsaya kai da fata a 2003 ta ce ba za a ɗiga wa 'ya'yanta rigakafin shan inna ba sai an bincika abin da ke ciki, tana tuna abin da ya faru da gwajin Trovan a Kano a 1996. Sai da aka kai samfuri ɗakunan gwaji, sai da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar da sarakunan Arewa suka sa baki shekara da shekaru, kafin a kai ga ayyana kawar da cutar a 2020. Wancan magani ne na kyauta, mai suna, mai lamba, wanda duniya ta gwada. Yau kuma da kuɗinmu muke sayen kwalbar da rubutunta ma ba mu iya karantawa, mu miƙa fuska.

Sannan a tambaya, daga ina tamojin ya fito? Baƙar fata, saboda sinadarin launin da Allah ya wadata ta da shi, tana jinkirin tattarewa fiye da farar fata da shekaru masu yawa. Abin da ke tsofar da fatar 'yar shekara talatin a garuruwanmu sau da yawa shi ne man bilicin: sitiroyid da ke sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, haidrokwinon da ke barin baƙin tabo a kumatu, da zaiba mai lalata ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya na amfani da irin waɗannan mayuka, kuma a 2023 shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta kira lamarin matsalar gaggawa ta ƙasa. Sau da yawa shagon da ya sayar da man da ya ɓata fatar shi ne ke tallar allurar gyara ta. Wadda ke cikin wannan hali, maganinta na farko shi ne ta ga likitan fata ya yaye ta daga man a hankali, domin yanke sitiroyid farat ɗaya ma yana da tasa wahala.

Ba za mu yi adalci ba idan muka tsaya a kan mata. Matar da ta haifi bakwai, ta yi shekara ashirin a gaban murhu, ba ta kashe kuɗin adashenta a kan allurar da za ta gushe bayan wata huɗu don nishaɗi. Tsoron kishiya ne, da tsoron takardar saki, da gorin da take ji a ɗakinta daga mutumin da shi ma furfura ta cika masa gemu. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, abin da ake maimaitawa sau uku a shekara bashi ne ko sayar da kadara. Mai wa'azin da ya karanta wa mata ayar canza halitta, ya manta da karanta wa maza ayar kyakkyawar zamantakewa da ke cikin wannan sura ɗin, ya bar rabin aikin.

Abin da ya rage na hukuma ne. Ingila ta haramta yi wa 'yan ƙasa da shekara 18 Botox da ciko don kwalliya tun Oktoban 2021. A nan, NAFDAC ce ke rajistar magani, kuma tana da kundin Greenbook da kowa zai iya duba sunan magani a wayarsa. Majalisar Likitoci ta MDCN ce ke ba likita lasisi. Kano tana da hukumar PHIMA mai sa ido a kan asibitoci masu zaman kansu. Amma ɗakin gyaran amarya ba asibiti ba ne a takarda, ba kantin magani ba ne, shi ya sa yake faɗawa tsakanin hukumomi ba mai kula da shi. Wannan giɓi aikin hisba ne a ma'anarta ta asali, domin muhtasibi a littattafan fiƙihu shi ke binciken ma'aunin 'yan kasuwa da ƙwarewar masu magani da masu ƙaho. Sakkwato ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littattafai a kan likitanci, ciki har da na ciwon ido da na basur, kuma da Hugh Clapperton ya ziyarce shi a 1824, cikin abubuwan da ya nema daga Sarkin Ingila har da a aiko masa da likita ya zauna a ƙasarsa. Bai ƙi ilimin baƙo ba, amma masanin ya nema.

Wadda take da larura ta gaskiya, hanyarta ta bi ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru, a duba ta, a tura ta ga likitan fata ko na ido ko na jijiyoyi. Ta nemi a buɗe kwalin a gabanta, ta ga sunan maganin da lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Idan ciko ne, ta tambaya ko mai narkewa ne, kuma ko makarinsa yana cikin ɗakin a wannan lokaci. Mai ciki da mai shayarwa da mai ciwon raunin tsoka su faɗa wa likita halinsu tun kafin ya buɗe kwalba.

Wallahu a'alam.